Salon Koyo: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

'Yan uwa malamai, akwai wata magana da ta zama gishirin tarukan bita, da wuya a tashi taro ba a barbaɗa ta ba. Ana ce mana kowane yaro da ƙofar da karatu ke shiga kansa. Wani ta ido yake koyo, sai ya ga hoto ko zane. Wani ta kunne, sai an faɗa masa ya saurara. Wani kuma sai ya taɓa abu, ya motsa jiki, ya yi da hannunsa. Wannan shi ake kira salon koyo. Daga nan sai a aza mana kaya: wai malamin ƙwarai shi ne wanda ya binciko salon kowane ɗalibi, ya kasa ajinsa kashi-kashi, ya dafa wa kowane kashi darasi a tukunyarsa. Wanda ya gyaɗa kai ya amsa, shi ne malamin zamani. Wanda ya ɗaga hannu ya nemi hujja, sai a riƙa yi masa kallon ɗan gargajiya mai taurin kai.

To, mu mun ɗaga hannu. Matsayinmu kuwa ba shi da kwana-kwana. Da'awar cewa yaro ya fi fahimta idan aka koyar da shi ta salon da aka ce nasa ne, an gwada ta sau da dama, ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Ci gaba da cusa ta ga malamai ɓarnar lokaci ce da kuɗi, a ƙasar da malami ba shi da rarar ko ɗaya daga cikinsu. Mafi muni kuma, tana kawar mana da ido daga ainihin abin da ke hana yaranmu karatu.

Mu fara raba aya da tsakuwa

Babu malamin da ya yi zango ɗaya a gaban allo da zai musa cewa yara sun bambanta. Wani ya shigo aji ɗaya ya riga ya san haruffa, wani bai taɓa riƙe fensir ba. Wani yana da kaifin hadda, wani yana da hannun zane. Haka nan idan aka tambayi mutum, yaro ko babba, zai iya cewa ya fi son a nuna masa hoto, ko ya fi son a yi masa bayani da baki. Duk wannan gaskiya ne, ba mu da ja a kai. Inda gizo ke saƙa shi ne tsallen da ake yi daga "ya fi so" zuwa "ya fi koyo". Yaro ya fi son alewa a kan wake, amma wake ke gina masa jiki. Abin da masu salon koyo ke iƙirari, wanda a kansa ake neman mu sauya yadda muke aiki, shi ne: idan hanyar koyarwa ta dace da salon yaro sakamakonsa zai ɗaga, idan ta saɓa masa zai yi ƙasa. Wannan iƙirari ne da ake iya aunawa kamar yadda ake auna hatsi da mudu. An kuwa auna shi.

Kafin mu je ga awon, ya kamata a san asalin maganar. Ta bunƙasa ne a Amurka tun daga shekarun 1970, a hannun irin su Rita Dunn da Kenneth Dunn, da David Kolb wanda ya kasa masu koyo gida huɗu bisa nasa tsarin. Wadda ta fi yawo a tarukanmu kuwa ita ce ta Neil Fleming, wani sufeton makarantu a ƙasar Niyu Zilan, wanda ya tsara takardar tambayoyinsa a 1987 ya kira ta VARK, daga haruffan farko na kalmomin Turanci huɗu masu nufin gani, da ji, da karatu da rubutu, da motsi. A shekarar 2004 wani ayarin masana a Birtaniya, ƙarƙashin Farfesa Frank Coffield, ya zauna ya ƙirga ire-iren waɗannan tsare-tsare, ya tarar da guda 71. Ya zaɓi 13 da suka fi tasiri ya ɗora su a sikeli, guda ɗaya tak ya cika dukkan sharuɗɗa huɗu da ake bukata kafin a ce ma'auni abin dogaro ne. Mu tsaya mu yi tunani a nan. Idan mutum 71 suka ce sun ga wata, kowa kuma yana nuna kusurwa dabam, mai hankali ba zai tashi da azumi ba sai ya bincika.

Yadda aka auna

Gwajin da ya dace da wannan da'awa ba shi da wuyar fahimta, ko a makarantar ƙauye ana iya yin sa. A ɗauki yara 60, a ce takardar tambayoyi ta nuna 30 'yan ido ne, 30 'yan kunne. A jefa ƙuri'a a raba 'yan ido gida biyu, haka ma 'yan kunne. Rabin kowane kashi a koya masa darasi ta hanyar gani, ɗaya rabin a koya masa wannan darasin dai ta hanyar saurare. A ƙarshe a yi wa kowa jarrabawa iri ɗaya. Idan da'awar gaskiya ce, wajibi ne 'yan ido da suka gani su fi 'yan ido da suka saurara, kuma 'yan kunne da suka saurara su fi 'yan kunne da suka gani. Idan kuwa hanya ɗaya ce ta fi yi wa kowa amfani, ko babu wani bambanci, to da'awar ta faɗi.

A 2008 wasu manyan masana halayyar ɗan Adam su huɗu a Amurka, Harold Pashler, da Mark McDaniel, da Doug Rohrer, da Robert Bjork, suka bi tarin rubuce-rubucen da aka yi a kan salon koyo suna neman binciken da ya bi wannan ƙa'ida. Suka tarar 'yan ƙalilan ne suka bi ta, kuma daga cikin waɗanda suka bi, da dama sakamakonsu ya ci karo da da'awar kai tsaye. Shawarar da suka yanke ita ce, babu isasshiyar hujjar shigar da awon salon koyo cikin aikin koyarwa, gara a karkatar da ɗan abin da ake da shi ga dabarun da aka tabbatar.

Bayan su ba a bar maganar ta kwanta ba. A 2015 Beth Rogowsky da abokan aikinta suka gwada da manya: wasu aka ba su littafi su karanta, wasu aka sa musu shi su saurara, aka yi musu jarrabawa nan take, aka sake bayan mako biyu. Salon da mutum ya ce nasa ne bai ƙara masa komai ba. A 2020 suka sake dubawa a kan 'yan aji biyar masu shekara 10 zuwa 11, wato sa'o'in yaran da ke gabanmu kullum, ba su sami abin da ya goyi bayan da'awar ba. A 2019 kuma aka wallafa wani bincike daga Jami'ar Indiyana a kan ɗalibai sama da 400 masu nazarin sassan jikin mutum. Aka ga yawancinsu ba sa ma yin karatu ta salon da VARK ta ce nasu ne, waɗanda suke yi kuma ba su fi sauran maki ba. Abin har ya kai ga a watan Maris na 2017 masana 30, cikinsu da Steven Pinker da Uta Frith da Dorothy Bishop, suka sa hannu a wata wasiƙa a jaridar Guardian ta Birtaniya suna kira ga makarantu su rabu da wannan al'ada.

Dalilin da ya sa ba ta aiki

Ba sai mun je jami'a za mu gane dalilin ba, yana nan cikin darussan da muke koyarwa kowace safiya. Abin da za a koya shi ke zaɓar ƙofar da zai shiga. Malamin da ke son yara su san inda Kogin Kwara ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, dole ya nuna taswira. Ko da an rubuta wa yaro "ɗan kunne" a goshi, bayanin baki na awa guda ba zai zana masa siffar Najeriya a kai ba. A nan gani ya kori ji, ga kowane yaro. Malamar da ke koyar da karatun Hausa kuwa, tana son yaro ya bambanta kare da ƙare, daka da ɗaka, dole ta furta ya ji, ya maimaita. Garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuwo da shi, a takarda rubutunsu ɗaya ne, kunne kaɗai ke raba su. Wane hoto za a nuna wa "ɗan ido" ya ji bambancin kukan jariri da kukar miya? Riƙe fensir, da auna tsawon benci da rula, da dasa itace a lambun makaranta, waɗannan sai an yi da hannu, ko wane ne mai koyon.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi, wanda Farfesa Daniel Willingham na Jami'ar Bajiniya ya daɗe yana nanatawa. Mafi yawan abin da muke so yaro ya riƙe ma'ana ce, ita kuwa ma'ana ba ta da launi, ba ta da sauti. Idan yaro ya gane cewa rabi ya fi rubu'i, ba ruwan wannan ganewar da ko lemo aka yanka a gabansa, ko da'ira aka zana a allo, ko labarin rabon ƙosai aka ba shi. Abin da ya zauna a kansa shi ne dangantakar da ke tsakanin adadin biyu. Mai kaifin ido zai iya tuna launin lemon, mai kaifin kunne ya tuna muryar malam, amma ranar jarrabawa ba launin lemo za a tambaya ba.

Me ya sa ta kama zukatan malamai?

Idan haka ne, me ya sa maganar ta ƙi mutuwa? Ba don malamai ba su da hankali ba ne, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ta yi jijiya ba. Wani bincike na 2012 ya nuna kashi 93 cikin 100 na malaman da aka tambaya a Birtaniya, da kashi 96 a Holan, sun yarda da ita. A 2014 Paul Howard-Jones ya tattaro alƙaluma makamantan waɗannan daga Turkiyya da Girka da Sin, duka sama da kashi 90. A 2020 Philip Newton da Atharva Salvi suka haɗa binciken da aka yi a ƙasashe 18, a kan masu koyarwa sama da 15,000, suka tarar kashi 89 cikin 100 sun yarda. Amma yawan masu faɗin magana ba ya mayar da ita gaskiya. Abin da yake nunawa shi ne maganar tana da daɗi a kunne.

Daɗin nata kuwa a fili yake. Tana ce wa malami babu daƙiƙin yaro, kowa da ƙofarsa. Wace zuciya mai tausayi ce za ta ƙi wannan? Sannan tana sanye da rigar kimiyya, ana kawo ta da hoton ƙwaƙwalwa a majigi da sunayen Turawa. Akan kuma cakuɗa ta da ra'ayin Howard Gardner na Jami'ar Harvard, wanda ya rubuta a 1983 cewa basira iri-iri ce, alhali shi Gardner da kansa ya fito a 2013 ya ce a daina haɗa ra'ayinsa da salon koyo. Tana da wata ƙanwa ma da suke tafiya tare, wato zanen dalar nan da ke cewa mutum na riƙe kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 20 na abin da ya ji, har zuwa kashi 90 na abin da ya aikata. Ana jingina shi ga Edgar Dale, amma zanen da Dale ya fitar a 1946 ba shi da adadi ko ɗaya a jikinsa, daga baya aka liƙa masa su. Duk malamin lissafi ya san alƙaluman da suke fitowa goma-goma cif, kamar an jera bulo, abin tuhuma ne.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce: "Ni na gwada a ajina, na ga canji." Ba mu ƙaryata shi ba. Amma mu duba abin da ya faru. Malamin da a da yake rubutu a allo yara su kwafa, yau ya zo da hoto, ya yi bayani, ya sa yara sun ƙirga da tsakuwa. Ya shirya darasinsa fiye da kullum, ya maimaita abu ɗaya ta hanya uku, ya hana yara gyangyaɗi. Dole a ga canji. Sai dai canjin ya zo ne daga kyakkyawan shiri da maimaici, kuma dukan ajin ne ya amfana da dukan hanyoyin. Da ya hana "'yan kunne" ganin hoton, da ya rage musu ne.

Wani zai ce: "Wannan binciken Turawa ne, yaranmu dabam suke." To, ita da'awar daga ina ta zo? Ba a Kano ko Sakkwato aka haife ta ba. Ba daidai ba ne mu karɓi kaya daga hannun mutum, sa'ad da ya dawo ya ce kayan na da aibi mu ce ba mu yarda da maganar baƙo ba. Nauyin hujja yana wuyan wanda ke neman a sauya aikin dubban malamai. In akwai wanda ya yi gwajin da muka bayyana a sama a makarantunmu ya sami akasin haka, ya kawo, shafin nan a buɗe yake.

Wani kuma zai ce: "Kuna so ne a koma zamanin malam na magana yara na kwafa." Ko kusa. Mu masu goyon bayan hoto ne, da waƙa, da wasa, da kayan ƙirga, da fita waje a ga abu ido da ido. Abin da muka ƙi shi ne a rarraba waɗannan hanyoyi tsakanin yara kamar rabon gado, wannan ya ɗauki ido, wancan ya ɗauki kunne. Kowane yaro yana da hakki a kan dukkansu.

Illar da ake rainawa

Tambayar da ta fi yawa ita ce: ko da ba ta da amfani, wace illa take yi? Illa ta farko lokaci. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kowa a cikinmu ya san ajin da ya ninka wannan adadi har da ɗoriya. A ɗauki aji mai yara 80 da darasin minti 35. In aka kasa shi gida uku, kowane kashi bai samu minti 12 ba, kuma yayin da malam ke tare da kashi ɗaya, sama da yara 50 suna zaman jira, ko suna kokawa. Ƙara da daren da malami zai ɓata yana rubuta shirin darasi mai rassa uku domin mai duba aiki ya sa hannu, lokacin da ya kamata ya yi makin littattafai ya gano wanda bai gane ba.

Illa ta biyu lamba a goshi. Yaron da aka gaya masa shi ɗan hannu ne, ba ɗan karatu ba, an ba shi uzurin guje wa littafi tun yana ɗan shekara takwas, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ba zato ba ne kawai. Wani bincike da aka wallafa a 2023, wanda Shaylene Nancekivell ke cikin marubutansa, ya nuna iyaye da malamai, har da su kansu yaran, suna ɗaukar wanda aka kira mai koyo da ido a matsayin wanda ya fi basira a kan wanda aka kira mai koyo da hannu. Ashe maganar da aka kawo don a ce babu daƙiƙi, ita ce ta samar da sabon suna mai ladabi na kiran yaro daƙiƙi. A al'ummar da talaka ke neman dalilin cire ɗansa daga makaranta ya kai shi garejin makanike ko ya ɗora wa 'yarsa talla, malamin da ya ce wa uba "ɗanka da hannu yake koyo" ya san abin da uban zai ji.

Illa ta uku ita ce ta fi ci mana rai, domin tana ɓoye cuta. Yarinyar da ba ta kallon allo, sai dai ta kasa kunne, mai yiwuwa ba ta hangen rubutun ne daga bayan aji, tabarau take bukata ko a dawo da ita gaba. Yaron da ba ya amsa tambaya sai an nuna masa, mai yiwuwa ciwon kunne ne ya rage masa ji. Wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, wataƙila bai karya kumallo ba, ko kuwa an kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, don haka duk abin da ke allo zane ne kawai a wurinsa. In muka rubuta wa waɗannan "ɗan kunne", "ɗan ido", "ɗan motsi", mun ba cutar suna mai daɗi mun bar ta tana ci. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta a shekara goma. Babu mai hankalin da zai ce wannan ya faru ne don an koyar da 'yan ido ta kunne. Jakin yana tsaye a gabanmu, mu kuwa an ba mu sanda an nuna mana taiki.

Abin da ya tsaya da ƙafarsa

Ba mu zo rushe gini mu bar fili ba. Akwai dabarun da aka yi musu irin wannan awon suka tsallake, kuma ba sa bukatar lantarki ko kwamfuta.

Ta farko, sa yaro ya zaƙulo abin da ya koya daga kansa. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta sake karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su tunowa sun wuce su nesa. A aji, wannan na nufin tambayoyi biyar a farkon kowane darasi a kan karatun jiya da na makon jiya, littafi a rufe, ba maki, ba bulala.

Ta biyu, rarraba bita a kan kwanaki. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna yadda mantuwa ke cin sabon karatu da sauri, da yadda waiwaye bayan tazara ke rage mata ƙarfi. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu goma, waɗannan biyun ne kaɗai suka sami daraja ta sama. Mu kuwa ba baƙinmu ba ne. Almajirin makarantar allo yana ganin rubutu, ya ji malam ya biya masa, ya rubuta da tawadarsa, ya karanta da ka kafin a ba shi izinin wanke allo, sannan ya riƙa komawa baya yana tilawa. Babu alaramman da ya taɓa raba almajirai 'yan ido da 'yan kunne. Hadda dabam, fahimta dabam, wannan mun sani, amma ta fuskar kafa abu a ƙwaƙwalwa, kakanninmu sun riga ɗakin gwaji isa wurin.

Ta uku, haɗa magana da hoto ga kowa da kowa. Aikin Allan Paivio tun 1971, da na Richard Mayer bayansa, ya nuna mutane sun fi fahimta idan bayani ya zo tare da zanen da ya dace da shi. Zanen alli a allo ya wadatar.

Ta huɗu, in za a kasa yara, a kasa su bisa matakin da suka kai: wanda bai san harafi ba, wanda ya san harafi bai iya kalma ba, wanda ya iya kalma bai kai jimla ba. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar Pratham ta ɓullo da ita a Indiya, aka gwada ta tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, kuma an riga an kawo ta Borno da Kano. Bambancinta da salon koyo babba ne. Mataki abu ne da ake aunawa cikin 'yan mintuna, kuma yaro na barin sa ya hau na gaba. Salo kuwa tambari ne da ake buga masa ya tafi da shi.

Kiranmu

Ga kwalejojin ilimi da hukumar da ke kula da su ta ƙasa, da majalisar rajistar malamai: a duba manhaja da littattafan horo da tambayoyin jarrabawa, duk inda aka kawo salon koyo a matsayin tabbataccen ilimi a gyara. In za a koyar da shi, a koyar da shi a matsayin misalin yadda ake auna da'awa a gane ta faɗi. Wannan darasi zai yi wa ɗalibin malanta amfani har ya yi ritaya.

Ga hukumomin ilimin bai-ɗaya da masu shirya bita: kwanakin da ake ɗauke malami daga ajinsa suna da tsada, yara ne ke biya. A cika su da koyar da karatu da lissafin farko, da yadda ake tafiyar da babban aji, da yadda malami zai gane yaron da ba ya gani ko ba ya ji sosai. Kada a auna malami da yawan salon da ya lissafa a shirin darasinsa. A auna shi da yawan yaran da suka shigo ba su iya karatu ba suka fita suna yi.

Ga shugabannin wannan reshe: kamar yadda muke tsayawa a kan albashi da ƙarin girma, mu tsaya a kan ingancin abin da ake koya mana. Muna ba da shawarar reshe ya kafa ɗan ƙaramin kwamiti na malaman aji da zai riƙa duba abin da ake kawowa a tarukan bita ya ba mambobi rahoto. Likita ba ya rubuta magani don kawai mai tallarsa ya iya baki. Muna neman a kira aikinmu sana'ar ƙwararru, to ƙwararre shi ne wanda ke tambayar hujja kafin ya gwada abu a kan 'ya'yan mutane.

Ga kowane malami da malama kuwa: ranar da aka sake haska muku hoton ido da kunne da hannu a bango, ku ɗaga hannu cikin ladabi ku yi tambaya. A ina aka gwada wannan? Da waɗanne yara aka kwatanta? Me jarrabawa ta nuna bayan mako biyu? In an ba da amsa, mu saurara. In an ce ai kowa ya san haka ne, to ku rubuta a littafinku cewa ba a amsa ba. Ran Litinin kuma, da kun shiga aji, ku sa a rufe littattafai, ku tambayi yara abin da aka yi ranar Alhamis, ku dawo da yarinyar da ke ƙanƙance ido benci na gaba.

Allah ya yi wa aikinmu albarka, ya shirya mana yaran da aka ba mu amana.